Ranar da Yaya Rufus Ya Kai Misali Iware

Yayana Rufus tela ne. Shagonsa yana unguwar Kachalla Sembe a nan Jalingo, ɗaki ɗaya mai ƙofar kwano da keken ɗinki biyu, ɗaya yana aiki, ɗayan yana jiran ranar tashin matattu. Duk wanda ya taɓa kai masa yadi ya san halinsa: hannunsa ba ya iya barin riga ta fita haka kawai. Ka ce a yi maka ɗinki mara ado, zai ce to. Ranar karɓa ka tarar da zare ruwan gwal ya zagaye wuya ya gangaro har aljihu. In ka yi magana ya ce ai kyauta ya yi maka. Ni Dokas ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ina da izinin faɗa masa a gabansa abin da wasu ke faɗa a bayansa.

Ban da ɗinki, shi ne tafintan cocinmu da ke unguwar Mayo Gwoi. Cocinmu ta tara kowa, Mumuye da Jukun da Wurkum da ma'aikatan gwamnati da aka turo daga kudu, Hausa ce kawai ke haɗa mu. In baƙon mai wa'azi ya zo da Turanci, Yaya Rufus ke tsayawa gefensa yana juyawa. Tun yana saurayi yake wannan aiki, kuma a tsayuwar nan ce ya lura da abin da ya zame masa ciwo har yau. Wanda ke kan bagadi yana ganin fuskar kowa. Ya ce muddin ana bayanin koyarwa mai zurfi, kawunan mutane sai su dinga sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya, har mazan da ke layin gaba. Amma da zarar an buɗe ɗaya daga misalan Ubangiji aka ce akwai wani mutum, sai kawunan su ɗago, har tsohuwar da ba ta ji sosai ta gyara ɗankwali ta buɗe kunne.

Wani zai lura da wannan ya yi dariya ya wuce. Yayana kuwa sai ya ce lallai sai ya gano yadda aka ɗinka labaran nan. Bai je makarantar fastoci ba. A shago yake karatunsa, tsakanin wando da wando. Ya karanta misali da Hausa, ya karanta da Turanci, ya kunna waya ya saurare shi da yarenmu, sannan ya tare duk wanda ƙaddara ta kawo shagon ya juye masa abin da ya gano. Akwai wata mata da ta je karɓar zanenta da hantsi, ba ta fito ba sai da rana ta take.

Ni na fi kowa shan wannan karatu, don ni ke kai masa abinci tun da matarsa ta rasu. Zai ce, "Dokas, kin lura ba a gaya mana sunan kowa? In ban da wani matalauci guda, duk wani mutum ne, wata mace ce. Ba a ce dogo ne ko gajere ba, ba a ce ga launin rigarsa ba." In ce to sai me. Ya ce ai riga ce aka yanka ta yadda duk wanda ya sa za ta zauna masa. Wata rana kuma ya ce in duba kayan da ake labaran da su: tsintsiya, fitila, gari, irin shuka, tsohuwar riga da aka yi wa faci. Wannan na facin ya fi so, yana cewa tela ne kaɗai ya san gaskiyarsa. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda wasu misalan ke tsayawa ba a kai ƙarshe ba. Itacen da aka roƙa a ƙara masa shekara, ba a ce ya yi 'ya'ya ko bai yi ba. An bar ka tsaye da tambayar, ka tafi da ita gida.

Akwai wani Bafulatani mai suna Hayatu, dillalin dabbobi, da ke kawo masa ɗinkin Sallah duk shekara. Shi ma bai tsira ba. Yaya ya ba shi labarin makiyayin da ya bar garke ya tafi neman tunkiya ɗaya. Hayatu ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai.

"Rufus, wannan ba gainako ba ne," in ji shi. "Babu gainako da zai bar garke a daji ya bi tunkiya ɗaya. In ya dawo ya samu kura ya gama da saura fa?"

Na ɗauka Yaya zai ji haushi. Ina, daɗi ya ji, har ya ƙara wa kaftanin Hayatu adon da bai nema ba. Ya ce Hayatu ya nuna masa inda allura ke shiga. A kowane misali, komai yana tafiya daidai yadda muka saba, sai a wuri ɗaya wani ya yi abin da mai hankali ba zai yi ba. Wurin nan ne ke sukar mutum.

To, mutumin da ya san duk wannan, shi ne ya kusa ɓata auren 'yarsa da bakinsa.

Rejoice ita kaɗai gare shi. Ni na tsaya mata a matsayin uwa, ni na koya mata tuƙa tuwo, ni kuma na fara sanin maganar Success, babban ɗan Baba Tobiya. Baba Tobiya dattijo ne a cocinmu, Bamumuye, manomin doya. Yana da gida a Mayo Gwoi, amma gonarsa da zuciyarsa suna ƙauyen Iware. Mutum ne mai ƙarancin magana da ciwon gwiwa, in ya ce a'a sau ɗaya ba ya maimaitawa. An yi komai lafiya, an kawo kaya, an sa rana. Saura kiran aure. A cocinmu ana kiran aure Lahadi uku a jere, fasto ya karanta sunayen, ya tambaya ko akwai mai magana. In wani ya miƙe, an dakatar da aure ke nan sai majalisar dattawa ta zauna, kuma zaman dattawanmu yana iya cinye damina guda. Ko an gama an ce babu laifi, yarinya ta riga ta shiga bakin mutane.

Ranar kira na biyu, fasto ya karanta sunaye, ba wanda ya motsa, sannan ya ce muryarsa ta dushe, Ɗan'uwa Rufus zai ba mu Magana. Karo na farko ke nan da aka ba shi bagadi shi kaɗai, ba wanda zai bi a baya. Ya zaɓi misalin yaron da ya karɓi rabonsa ya tafi ƙasa mai nisa. Da ya karanta shi yadda yake ya zauna, da an tashi lafiya. Amma ya ce tun da Ubangiji da kayan ƙasarsu ya yi labarinsa, bari shi ma ya yi mana da kayan ƙasarmu. Hannun tela ya motsa.

Ya ce akwai wani manomi a Iware. Yana da 'ya'ya maza biyu. Ƙaramin ya shiga rumfar doya ya kwashe irin da aka ajiye don shuka, ya sayar, ya hau mota sai Fatakwal. Ya ci, ya sha, ya ƙare, ya dawo ba ko takalmi. Uban ya hango shi daga bakin titi, ya jefar da fartanya ya sheƙa da gudu, ya rungume shi, ya sa masa riga mafi kyau, ya sa aka yanka bunsuru. Babban ɗan kuwa ya tsaya a waje ya ƙi shiga.

Ya yi kyau, ban hana shi ba. Ban taɓa jin cocinmu ta yi tsit kamar ranar ba. Yaya yana ganin kawuna a ɗage yana ta jin daɗi, bai lura cewa ba shi suke kallo ba. Duk an juya ana satar kallon Baba Tobiya. Ni kuwa ina cikin 'yan Zumuntar Mata, ji nake kamar in shige ƙarƙashin benci.

Abin da Yaya bai sani ba, kowace mace a kasuwa ta sani. Baba Tobiya 'ya'ya maza biyu gare shi. Ƙaramin, Isaac, ya sayar da irin doyar gidan shekarar da ta wuce ya gudu, abin da a wurin manomin doya ya fi satar kuɗi muni, don ka cinye wa gida shekara mai zuwa. Ya dawo tun farkon damina, uban ya ce kada ya taka masa ƙofa. Yana nan cikin gari yana tura kurar ruwa, yana kwana a wurin abokai. Gidan sun rufe maganar suna cewa yaron yana aiki a kudu, Yaya kuma ya yarda, don shi mutum ne da ke cika wa mutane kunne, ba ya barin su cika masa nasa. Iware ta zo masa a baki ne don can yake ta zirga-zirgar maganar aure. Doya kuma, ita ce jibge a ɗakinsa cikin kayan da surukai suka kawo.

A wurinmu, in mutum ya hau bagadi ya ambaci gari da sana'a, ba wanda ke cewa misali ne. Habaici ne, sai a fara neman mai shi. Aka tashi, Baba Tobiya ya fita bai ba kowa hannu ba. Washegari Success ya zo gidana, idonsa a ƙasa, ya ce Baba ya ce a gaya mana ranar kira na uku zai miƙe.

Rejoice ta shiga ɗaki ta ƙi cin abinci. Ni na ɗaura zane na nufi Kachalla Sembe, kuma abin da na gaya wa yayana a shagon nan ba zan rubuta shi duka ba. Na ce kai ne ka hana ni sakat shekara da shekaru da maganar ba suna, ba launin riga. Jiya an ba ka riga ɗaya ka yanka, ka ɗinka mata sunan gari a ƙirji. Ya cire ƙafa daga kan keke ya zauna yana kallon ƙasa. Ban taɓa ganinsa ya rasa magana ba, sai tausayinsa ya kama ni, abin ya ƙara ba ni haushi.

Tsakiyar mako muka hau mota zuwa Iware. Yaya ya ɗinka wa Baba Tobiya riga ta ban-haƙuri, shuɗiyar shadda. Na roƙe shi ya bar ta ba ado. Ya ce to. Da ya buɗe leda a mota na ga zaren gwal daga wuya har ciki, na kawar da kai.

Mun same shi zaune a inuwar rumfar doya. Rabin rumfar babu komai. Muka gaisa, ya amsa a taƙaice. Yaya ya durƙusa ya miƙa rigar, Baba ya ɗora ta kan doya bai ko buɗe ba.

"Baba, na zo neman gafara. Ban san maganar Isaac ba, Allah ne shaidana."

"Ba ka sani ba, kuma ka san Iware, ka san doya, ka san yara biyu."

"Yara biyun a rubuce suke. Iware da doya ni na ƙara, laifina ne, ka yafe mini."

Baba ya murza gwiwarsa. Sannan ya ce, "Doya ba shi ne ya dame ni ba. Duk Jalingo ya san yaro ya sayar da doya. Amma uba nan naka, ka ce ya yi gudu. Da ka faɗa, duk coci ya juyo yana duba ni. Suna tambaya na da ido, kai Tobiya ina gudu naka? Wannan ne zagi."

A nan na so yayana ya yi abin da kowane uba mai son 'yarsa ta yi aure zai yi, ya ce bakinsa ne ya zarce, ya janye. Na matsa kusa na mintsine shi a baya. Bai ko motsa ba.

"Baba," ya ce a hankali, "gudun ba nawa ba ne. Na same shi a ciki. Abin da na ƙara zan iya warwarewa, wancan ba ni da iko da shi."

Na ce a raina shi ke nan, aure ya tafi. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Wane uba mai hankali zai yi gudu don ɓarawo?"

"Babu, Baba. Ni ma abin da na gani ke nan."

"To babban yaro fa, ya shiga gida ko bai shiga ba?"

"Ba a faɗa ba."

"Ta yaya ba a faɗa ba? Wane irin labari ne ba ya da ƙarshe?"

Ga ƙofa ta buɗe wa mutumin da ke iya riƙe mace daga hantsi zuwa azahar da bayanin wannan tambaya. Na jira ya fara. Sai ya yi shiru. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya, muka tafi. A mota na tambaye shi me ya hana shi magana. Ya ce ya riga ya yi ado ɗaya ya ga abin da ya jawo. Ban yi masa magana ba har muka shigo gari.

Ranar Lahadi na zauna kusa da Rejoice na riƙe hannunta. Coci ta cika har waje, har da waɗanda ba mu gani sai Kirsimeti, don labari ya zaga. Fasto ya karanta sunayen. Ya ce wannan shi ne kira na uku, in akwai mai magana ya faɗa yanzu. Bai gama rufe baki ba Baba Tobiya ya dafa benci ya miƙe. Rejoice ta matse hannuna har na ji zafi.

"Ina da magana," in ji Baba. "Labari nan da Rufus ya bayar wancan Lahadi, akwai kuskure a ciki. Ina so a gyara. Na ɗaya, ba Fatakwal ba ne, Anacha ne. Na biyu, ban yi gudu ba. Gwiwa na ba zai yarda ba. Mashin na hau ranar Juma'a, na je na same shi a bakin famfo. Kuma ba bunsuru ba ne. Ba ni da bunsuru. Zakara ne."

Fasto ya tsaya da takarda a hannu, ya rasa inda zai kama. Can ya ce, "Baba, maganar aure fa?"

"Aure ba na da magana. Yarinya mai hankali ne. A ci gaba." Ya fara zama, sai ya sake ɗagowa. "Babban yaro kuma, nawa ma bai ci zakara ba tukuna. Kada kowa ya dame shi."

Wata tsohuwa a bayanmu ta rangaɗa guɗa, matan Zumunta suka ɗauka, mai ganga bai jira an ce masa ba. Rejoice ta kifa kai a cinyata tana kuka, ni ma ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Wani nauyi da na yi mako ina ɗauke da shi ya sauka, har na ji yunwa. Na duba wajen maza na ga Success zaune ya harɗe hannu, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ban ga laifinsa ba, cikin doyar da aka sayar har da wadda ya noma da hannunsa.

Sannan na juya baya. A benci na ƙarshe kusa da ƙofa akwai wani saurayi ramamme, ya sunkuyar da kai. Fuskar ban gane ta nan da nan ba, rigar na gane. Shuɗiyar shadda ce, ta yi masa yawa a kafaɗa, zaren gwal daga wuya har ciki. Duk Jalingo tela ɗaya ne ke yi wa riga wannan ɗanyen aiki. Na nemi yayana da ido. Yana tsaye a wurinsa na tafinta gefen bagadi, shi ma ya ga rigar. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

An yi biki bayan girbi. Isaac ne ya kwashe kujeru daga coci zuwa filin, shi ya mayar. Shi da Success suna gaisawa yanzu, gaisuwa dai, ban ce ta wuce haka ba. Bana sun yi kunyar doya a gona ɗaya, kowa ya kama daga gefensa.

Yaya Rufus yana nan a shagonsa, kekensa na biyu bai tashi ba har yau. Yana ci gaba da tare mutane da bincikensa. An ƙara ba shi bagadi bayan nan, kuma bai sake ambatar sunan gari ba, wani mutum ne kawai, wata mace ce. Baba Tobiya yana zama a layin gaba, ba ya gyangyaɗi. In an tashi yakan jira shi a bakin ƙofa, ya kama hannunsa ya ja shi gefe, ya tambaye shi a hankali wannan karon kuma da wa ake.